Yadda Wa'adi Ya Shiga Takardar Gida: Daga Ƙofar Dukawuya Zuwa Satifiket

Tambayi dattijo a Dukawuya shekara nawa ta rage masa a gidansa, ka ga yadda zai dube ka. A wurinsa gida ba ya da wa'adi: a zauren nan kakansa ya sha iska, a nan jikokinsa za su yi wasa. Amma maƙwabcinsa mai satifiket, in ya buɗe akwati ya zaro takardar, zai tarar an rubuta shekara 99. Ina wannan lissafi ya samo asali?

Dukawuya tsohon suna ne a bakin Kanawa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci ƙofar a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi sarauta daga 1618 zuwa 1623, lokacin da aka faɗaɗa ganuwa ta yamma har Kabuga da Kansakali. A wancan zamani ƙasa tana hannun Sarki. Mai son wurin zama sai ya bi ta wajen mai unguwa a yanka masa, ya buga tubali, ya ɗora azara. Daga nan gida sai ya bi ta gado, ko kyauta, ko saye, ko jingina, ko aro. Bayan jihadi, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hanyoyin mallakar ƙasa bisa mazhabar Malikiyya. Shaidar mallaka ita ce mai unguwa da maƙwabta, da katangar da kowa ya san inda ta tsaya. Abin da ke raba mutum da wurinsa shi ne ya tashi ya bar shi ya zama kango, ko Sarki ya ƙwace. Ba a ƙirga wa kowa shekaru.

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka shiga birni ta Ƙofar Kabuga, maƙwabciyar Dukawuya. A 1908 Gwamna Percy Girouard ya sa aka kafa kwamiti a Landan a kan ƙasar Arewa, kuma shawararsa ce ta haifi dokar 1910, wadda aka sake wa fasali a 1916. Dokar ta ɗora ƙasa duka a hannun Gwamna, wai riƙon amana ga 'yan ƙasa. Ba mai mallakar ƙasa kanta, sai dai iznin zama a kanta.

Cikin ganuwa ba a ji canjin sosai ba, domin Turawa sun bar birni ga Sarki da alƙalansa. A waje abin ya kama. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa da Kwarori da mazauna Sabon Gari suka nemi fuloti. Su aka fara bai wa takarda mai wa'adi da kuɗin ƙasa na shekara-shekara, irin yadda aka saba a Ingila, inda hayar shekara 99 tsohuwar al'ada ce. Dokar Jihar Arewa ta 1962 ta bi wannan sawu, ta bambanta izni na al'ada da izni na hukuma.

Sai ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa wa Najeriya duka, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki. Ƙasar birane ta koma hannun gwamnan jiha. Wanda yake da gini tun kafin dokar, irin gidajen gado na cikin birni, ana ɗaukarsa tamkar gwamna ya riga ya ba shi izni, ko da ba ya da takarda ko guda. In kuwa ya nemi satifiket, don banki ya karɓi jingina ko mai saye ya natsu, a nan wa'adi ke shigowa: gidan zama yawanci shekara 99, na kasuwanci kan gaza haka. Sayarwa da jinginarwa kuma sai da amincewar gwamna.

Me zai faru ranar da wa'adi ya cika? A Ingila sun amsa wannan da doka. Ta 1993 ta bai wa mai ɗaki a benen haya ikon ƙara shekara 90 bayan ya biya mai ƙasa, ta 2024 kuma ta tanadi shekara 990. Tamu ta 1978 ba ta fayyace sabuntawa ba. Abin da aka saba shi ne mai takarda ya nema a ma'aikatar ƙasa, ya biya bashin kuɗin ƙasa, a ba shi sabon wa'adi. Aikin sake tantance takardu da gwamnatin Kano ta ƙaddamar a ƙarshen 2024 ta hannun hukumar KANGIS ya sa gidaje da yawa sun kakkaɓe ƙurar akwatuna, wasu ma a lokacin suka fara karanta abin da iyayensu suka ajiye.

Takardar da aka bayar a 1930 kan shekara 99 za ta cika a 2029. Ta 1980 sai 2079. Yau a lungu ɗaya za ka iske gidan gado, da mai takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu, da mai satifiket, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ranar rabon gado magada sun saba auna tsawo da faɗi da ƙirga ɗakuna. Yanzu akwai awo na uku da kakanni ba su sani ba, wato shekarun da suka rage a takarda, kuma shi ba a auna shi da igiya.