Daga Maɓallin PrtSc Zuwa Layi Ɗaya Na Umarni

Ku duba madannan kwamfutarku, can sama ta hannun dama akwai maɓalli mai rubutun PrtSc. Lokacin da IBM ta fitar da kwamfutarta a 1981, ba hoto yake ɗauka ba. Rubutun da ke kan allo yake turawa firinta, ya fito a takarda.

Da allo ya koma nuna tagogi da zane, sai aka nemi wata dabara. Tsarin X Window, wanda aka faro a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, ya zo da 'yar manhaja mai suna xwd: ka rubuta umarni, ta kwashe hoton taga ta adana a fayil. A 1990 ImageMagick ta John Cristy ta fito, mai umarnin import. A 2000 Tom Gilbert ya saki scrot. Rubuta scrot -d 5, ta jira daƙiƙa biyar, ka gyara allonka, sannan ta ɗauka.

Wani zai ce, me ya kai marubuci wannan wahala alhali ga maɓalli? To, abin da yatsa ya yi, sai yatsa ya sake yi. Umarnin da aka rubuta kuwa, sau dubu za a iya maimaita shi, har a sa masa lokaci ya yi aikinsa kana barci. Ka ɗauka ka rubuta littafin koyon wata manhaja da Hausa, mai hotuna arba'in. Masu manhajar suka sauya mata fuska. Mai karatu ya duba littafi, ya duba allonsa, ya ga ba su yi kama ba, shi ke nan ya daina yarda da kai. Irin wannan ciwon kai ne ya sa Simon Willison ya fitar da shot-scraper a 2022: ka jera shafukan intanet a fayil guda, umarni ɗaya ya sake ɗauko su duka.

Sai dai ƙofar da ta ba ka damar ɗaukar allo shiru, ita ce ɓarawon bayanai ke bi. Shi ya sa Wayland, magajin X a Linux, ya hana manhaja leƙa tagar wata ba izini. A can scrot ba ta da kataɓus, sai dai a nemi irin su grim.