Auren da shaiɗan ya saya: tarihin rikicin masu karatu da kamfanin Marvel

A watan Agusta na 1962 ne marubuci Stan Lee da mai zane Steve Ditko suka fito da Spider-Man, wato mutum-gizo, a cikin mujallar labaran zane ta Amazing Fantasy, fitowa ta 15. Jarumin wani maraya ne mai suna Peter Parker, ɗan makarantar sakandare a birnin New York, wanda ya tashi a hannun baffansa Ben da matarsa May. Gizo-gizo ya cije shi ya samu ƙarfi na ban mamaki, amma sakacinsa ya sa ɓarawon da ya ƙi tarewa ya kashe baffan. Tun daga nan labarin ya zauna a kan tushe guda: mutum ya ɗauki alhakin abin da ya aikata. Abin da ya bambanta Peter da sauran jarumai shi ne yana girma tare da masu karanta shi. Ya gama sakandare a 1965, ya shiga jami'a, ya yi fama da kuɗin haya da rashin lafiyar tsohuwar da ta rene shi.

Mary Jane Watson ta bayyana da fuskarta a 1966, da alƙalamin John Romita. Da farko an nuna ta a matsayin yarinya mai son shagali, har sai da budurwar Peter, Gwen Stacy, ta mutu a 1973, sannan marubuta suka fara zurfafa halinta. Peter ya nemi aurenta a 1978 ta ƙi. A 1984 ta shaida masa cewa ta daɗe da sanin sirrinsa. A 1987 Stan Lee, wanda yake rubuta labarin a shafukan jaridu tun 1977, ya so ya aurar da su, shugaban editocin Marvel na lokacin, Jim Shooter, ya amince a yi haka a mujalla ma. An yi bikin kamar na gaske: ranar 5 ga watan Yuni, a filin wasa na Shea, ƴan wasan kwaikwayo suka shiga kayan ango da amarya, Stan Lee da kansa ya ɗaura auren a gaban ƴan kallo.

Sai dai tun ba a je ko'ina ba wasu editoci suka fara da-na-sani. A ganinsu magidanci ya tsufa a idon yara, kuma aure ya toshe hanyar labaran soyayya. Saki ko mutuwar mata kuwa za su ƙara tsufar da shi ne. Saboda haka aka shiga neman dabara. Tsakanin 1994 da 1996 aka ce Peter ɗin da aka sani kwafi ne da wani masanin kimiyya ya ƙera, na asali shi ne wani gwauro mai suna Ben Reilly. Masu karatu suka ƙi, kamfanin ya janye. A 2000 aka nuna Mary Jane ta halaka a cikin jirgin sama, ta dawo a 2001, suka rabu, marubuci J. Michael Straczynski ya sasanta su a 2003.

Joe Quesada, wanda ya zama shugaban editoci a 2000, bai taɓa ɓoye ƙin auren ba. Dama ta samu bayan 2006, lokacin da Peter ya cire abin rufe fuskarsa a bainar jama'a, maƙiyinsa Kingpin ya turo maharbi, harsashi ya sami May. A cikin labari mai kashi huɗu da aka kira One More Day, wanda ya ƙare a fitowa ta 545 a ƙarshen 2007, shaiɗani Mephisto ya yi wa ma'auratan tayi: zai ceci ran tsohuwar, su kuma su ba shi aurensu, a shafe shi kamar ba a taɓa ɗaurawa ba. Suka yarda. Kafin a rufe cinikin ya nuna musu ƴar da za su haifa, wadda yanzu ba za ta zo duniya ba.

Fushin da ya biyo baya yana da dalilai uku. Na farko na ɗabi'a ne: jarumin da aka gina a kan ɗaukar alhaki ya guje wa sakamakon kuskurensa ta hanyar ciniki da shaiɗan, kuma kamfanin ya ga wannan ya fi saki dacewa da yara. Na biyu na amana ne: mutanen da suka shekara 20 suna saye suna bin rayuwar iyalin sun wayi gari an ce abin da suka karanta bai faru yadda suka sani ba. Na uku na sana'a ne: hannun edita ya fito fili a cikin labarin, har Straczynski, wanda ya rubuta shi, ya bayyana cewa ya so a cire sunansa daga kashi biyun ƙarshe.

A nan ne bambancin tatsuniya da tarihi yake bayyana. Ba wanda yake tuhumar mai tatsuniya don Gizo da Ƙoƙi ba su tsufa ba, domin kowace tatsuniya tana farawa sabuwa, ƙurunƙus ya rufe ta. Marvel kuwa ta sayar da labaranta ne bisa alkawarin cewa abin da ya faru jiya yana da tasiri a yau. Amma jarumin dukiyar kamfani ne, ba na marubuci ba, kuma dukiyar da ake so ta ci gaba da kawo riba a fim da kayan wasa ba a bari ta tsufa. Da Disney ta sayi Marvel a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4, irin waɗannan jarumai ta saya.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa maganar ba ta mutu ba. A shafukan jaridu an raba auren a farkon 2009, bayan ƴan watanni Stan Lee ya mayar da shi, aka ce mafarki ne Peter ya yi. Kamfanin DC, wanda ya aurar da Superman da Lois Lane a 1996, ya shafe nasu auren a 2011, sannan ya dawo da su a 2016 har da ɗansu Jon. Ita Marvel ta zaɓi raba ƙafa: a 2015 ta buga Renew Your Vows, inda ma'auratan suke da ƴa, a 2024 kuma Jonathan Hickman da Marco Checchetto suka fito da Ultimate Spider-Man, inda Peter magidanci ne mai ƴaƴa biyu, kasuwa kuma ta karɓe shi hannu bibbiyu. Duka biyun an ajiye su a wata duniya dabam, gefen babban labarin.

Ga malamin adabi, wannan tarihi yana aza tambayar da ta shafi duk labari mai dogon zango, na rediyo ne ko na fim: wa yake da iko da shi, wanda ya mallaki sunan ko waɗanda suka raya shi da kuɗinsu da shekarunsu? Doka ta ba kamfani. Masu karatu kuwa sun riƙe abin da shaiɗan ɗin labarin bai iya saye ba, wato tunawa da cewa an taɓa ɗaura auren.