Daga Jaki Zuwa Tirela: Wa Ke Ƙirga Sa'o'in Direba?

Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amfanin gonar Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa a bayan jaki yake shiga birni. Jaki kuwa shi ke yanke wa tafiya iyaka: in ya gaji ya toge, dole a yada zango. Ko da cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, jakai da raƙuma ne suka ci gaba da kai buhuna bakin tashar jirgi, sai daga baya motocin lodi suka ƙwace aikin. Da zuwan mota, gajiyar duk ta koma kan direba, kuma ba mai auna ta.

Amurkawa sun fara kokawa da wannan tun 1935, lokacin da aka ba gwamnatin tarayya ikon sa ido kan motocin haya masu tsallaka jihohi. Kafin 1940 an ƙayyade sa'o'in tuƙi, aka kuma ɗora wa kowane direba littafin da zai riƙa rubuta lokacin da ya tashi, da lokacin da ya tsaya, da lokacin barcinsa. To, wanda ake biya gwargwadon nisan da ya ci, a ce shi zai rubuta wa kansa hutu? An ba kura ajiyar nama. Shekaru aka kwashe ana cika littafin da abin da jami'i ke son gani.

A 2012 majalisar dokokinsu ta ce a koma na'ura. Daga 18 ga Disamba 2017 ya zama tilas mafi yawan manyan motoci su ɗauki na'urar ELD, wadda ake haɗawa da inji. Taya na juyawa, ita ma ta fara ƙirge. Direba ba zai wuce awa 11 yana tuƙi ba, sai ya huta awa 10 a jere.

Amma ba kowa aka ɗaura wa ba. An ware mai gajeren zango, wanda ke fita da safe ya dawo inda ya tashi a ranar. Da farko iyakarsa mil 100 ne da awa 12. A Satumbar 2020 aka faɗaɗa zuwa mil 150 na awon jiragen sama, kusan kilomita 278 a miƙe, da awa 14. Shi ba ruwansa da na'ura, sai dai ubangidansa ya ajiye bayanin lokacin fitarsa da dawowarsa. Masu jigilar amfanin gona ma an sassauta musu a lokacin shuka da girbi. Da a Najeriya ne, wanda ya yi lodin gero a kasuwar Dawanau zuwa Katsina ko Kaduna yana cikin wannan iyaka, wanda ya nufi Legas kuwa ya fita tun da nisa.

Najeriya ta bi wata hanya dabam. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A 2007 ta fito da tsarin tantance kamfanonin sufuri, amma ya shafi mai mota biyar ne zuwa sama. Wato mu da yawan motoci muka raba, ba da nisan tafiya ba, alhali alhazan ƙauye da yawa Daf ɗaya ko biyu gare su. Sannan daga 1 ga Fabrairu 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Wannan na'ura gudu ta sani. Direban da ya kwana biyu bai runtsa ba, in dai bai wuce kilomita 60 a awa ba, a wurinta lafiya lau yake.

Je ka Dawanau da kaka ka gani. 'Yan dako na loda buhuna har dare, direba na tsaye yana ƙirge don kada a ci shi, ɗan kamasho na azalzala. Ana ɗaure tamfol ya hau sitiyari, goro a kumatu, shayi mai kauri a gora, yaron mota na gefe aikinsa ya riƙa jan sa da hira. In an yi sa'a ya ɗan kishingiɗa a Mararrabar Jos ko Tafa. Kuɗinsa na tafiya ne, ba na awa ba, don haka duk barcin da ya yi daga aljihunsa yake fita.

Mai a-kori-kura da ke kwaso wake daga ƙauyukan Makoɗa zuwa kasuwar Ɗambatta ba ya bukatar wata na'ura. A gidansa yake kwana, kuɗinta ma sai ya cinye ribarsa. Mai tirelar Legas kuwa ya kamata a san sa'o'insa. Ƙungiyoyin direbobi da masu motoci, NURTW da NARTO, suna da wakilai a tashoshin lodi, kuma tuni ake rubuta lambar mota da kayan da ta ɗauka. Su ƙara layi biyu a takardar: ƙarfe nawa direba ya tashi, yaushe kuma rabonsa da barci.