Yadda Aka Koyi Sa Hannu Barci, Mai Shi Yana Farke

Da yawa daga cikinmu ba wuƙar likita ke ba mu tsoro ba, allurar barci ce. Wannan tsoro ya sa wasu ke zama da karayar gwiwar hannu har hannun ya sandare. To, ga tarihin wata hanya da ba sai an sa mutum barci ba.

A 1884 wani likitan ido a Biyana, Carl Koller, ya nuna cewa ɗigon koken yana kashe zafin ido. Nan da nan William Halsted a Niyok ya shiga tsira wa jijiyoyi maganin. Shi da abokan aikinsa a jikinsu suka yi gwaji, koken ya kama su, Halsted kuwa bai rabu da shaye-shaye ba har mutuwarsa a 1922.

Hannu ya yi sauƙin wannan aiki domin jijiyoyinsa sun fito ne daga saiwa 5 a ƙashin baya wajen wuya, suka haɗu dami guda, suka bi ta hammata. In an kashe damin, hannu duka ya yi barci. A 1908 August Bier na Jamus ya ɗaure dantse tamau, ya zuba magani a jijiyar jini. A 1911 Georg Hirschel ya soka allura ta hammata, Diedrich Kulenkampff kuma ta gindin wuya, bayan ya fara gwadawa a kansa. Hanyarsa tana da haɗari, domin kan huhu yana kusa.

Magani ma ya gyaru. Nils Löfgren ya haɗa lidoken a Suwidin a 1943. Sa'an nan a 1994 likitoci a Biyana suka nuna yadda na'urar hoton ciki ke nuna jijiya da allura ƙuru-ƙuru, aka rage lalube.

Amfanin abin shi ne mara lafiya yana numfashi da kansa, amai bai cika damunsa ba, zafi kuma yakan yi sa'o'i bai dawo ba bayan tiyata. Sai dai a kula, hannun da ya yi barci ba ya jin wuta ko matsin bandeji.

Saboda haka in an ce za a yi wa ɗayanmu aikin hannu, ya tambayi likita ko wannan hanya ta dace da shi. Allah ya ƙara mana lafiya, ya bar zumunci.