Zaɓen Abokan Zaman Karfasa a Tankin Gilashi na Gida: Nazari kan Kifayen Yankin Jibiya

Tsakure

Maƙalar ta duba kifayen da za su iya zama da dangin karfasa a tankin gilashi na cikin gida, ta hanyar bitar abin da masana suka tabbatar game da ɗabi'un kifayen ruwayen Rima, inda Jibiya take. Ta gano cewa yadda karfasa ke renon 'ya'yanta ne ya kamata ya ja ragamar zaɓen, kafin a yi maganar launi ko farashi.

1.0 Gabatarwa

An kammala madatsar ruwa ta Jibiya a 1989 a kan kogin Gada, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142. Daga nan kogin yake tsallaka iyaka zuwa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sannan ya sake shigowa Nijeriya ya haɗu da Rima. Saboda haka karfasar da ake soyawa a Magama ta Jibiya da wadda ake soyawa a Ɗan Isa ta Nijar dangi ɗaya ne. Abin takaici, mai sha'awar ajiye kifi a falo yakan tsallake wannan arziki na gida, ya nemi shawara a intanet, inda bayanai da yawa suka shafi kifayen tafkin Malawi masu zama cikin duwatsu, waɗanda halinsu daban ne.

2.0 Reno da rikici

Masaniyar kifaye Ethelwynn Trewavas, a littafinta na 1983, ta dogara sosai da salon reno wajen rarrabe karfasa. Wannan rabe-rabe yana da amfani ga mai tanki fiye da yadda ake zato.

A jinsin Oreochromis niloticus, namiji ne ke haƙa gurbi a yashi, mace ta zuba ƙwai, ta kwashe su a baki, ta janye gefe ta daina cin abinci har ta saki 'ya'yan. A nan faɗa na namiji ne, kuma a kan gurbinsa yake. Sarotherodon galilaeus kuwa uwa da uba duk suna ɗaukar ƙwai a baki, shi ya sa ta fi sauƙin kai.

Matsalar tana ga masu manna ƙwai a kan dutse ko tsakuwa, wato Coptodon zillii, wadda aka fitar daga rukunin Tilapia a 2013, da kuma Hemichromis. Su ƙwansu a fili yake, don haka iyaye biyun ke gadi dare da rana. Wanda ya zauna gaban gilashin zai ga launinsu ya ƙara kauri, murfin kunnuwa ya buɗe, ɗaya yana fifita ƙwai da fiffikensa, ɗayan yana kora duk abin da ya motsa. A dam, wanda aka kora yana da wurin gudu. A tankin da bai wuce mita ɗaya ba, sai ya maƙale a kusurwar sama da yagaggiyar jela, kamar baƙon da aka kora daga ɗaki aka kuma kulle ƙofar gida. Ita zillii har ganyen ado take cinyewa.

3.0 Waɗanda suka dace

Kurungu ne kan gaba. A ƙasa yake zama, da dare yake kiwo, kuma yana da ƙayoyi masu kafewa a baya da gefe, waɗanda ke sa karfasa ta shafa masa lafiya. Sharaɗinsa maɓoya: guntun bututu ko fasasshen tulu. Sai dai yakan saci ƙwai cikin dare, don haka mai son 'ya'yan kifi ya raba musu tanki.

Gartsa, Polypterus senegalus, tana da ɓawo mai tauri, tana kuma shaƙar iska daga saman ruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a watan Afrilu, lokacin da ruwa ke zafi, iskarsa ta ragu, a kuma ɗauke wuta injin hura iska ya tsaya. Tana haɗiye duk kifin da ya shiga bakinta, kuma tana fita idan babu murfi. Kawara, idan aka sa ta garke na aƙalla 6, tana riƙe saman ruwa ta raba hankalin mai faɗa, amma tana buƙatar tanki mai tsawo.

4.0 Batun tarwaɗa

Masu kiwo suna haɗa tarwaɗa da karfasa a tafki da gangan, domin ta rage yawan 'ya'yan da ke hana manya girma. Dabara ce mai kyau a can, amma kuskure ne a kwaso ta a kawo falo. Tarwaɗa, Clarias gariepinus, takan wuce mita ɗaya, kuma tun tana ƙarama take cin na ƙasa da ita. Giwan ruwa da tsage ma haka. Jan kifin ado na Sin da ake sayarwa a Kano ya fi son ruwa mai sanyi, ga shi da sanyin jiki, karfasa za ta tsige masa jela. Duk kifin da ya fi ƙarfin tanki, musamman baƙo, kada a zuba shi a dam, domin ruwan Gada ba ya tsayawa a shingen kwastan.