Faifan Sony da Manhajar Ɗaliban Faransa

A ranar 31 ga Oktoba 2005, wani masanin kwamfuta a Amurka, Mark Russinovich, ya bayyana abin da ya tsinta a na'urarsa. Faifan waƙa ya saya na kamfanin Sony BMG. Ashe da ya saka shi, faifan ya dasa wata manhaja mai suna XCP a can cikin Windows, ta ɓoye kanta, ta kuma ɓoye duk fayil ɗin da sunansa ya fara da $sys$. An yi ta ne don hana kwafar waƙoƙi, amma ba a yi mako biyu ba ɓarayin intanet suka fara raɗa wa mugayen manhajojinsu irin wannan suna, suna fakewa a bayanta. Tana kuma tuntuɓar kamfanin ta intanet idan aka kunna faifan, wanda ya cire ta da hannu kuwa kwamfutarsa ta daina karanta CD. Dole kamfanin ya janye faifan daga kasuwa, kuma a 2007 ya amince da biyan diyyar gyara har dala 150 ga wanda abin ya shafa.

Abin da ya ba XCP damar yin wannan ta'asa shi ne rufaffiya ce: babu mai ganin rubutun da aka gina ta da shi sai masu ita.

Shekaru tara kafin haka, a 1996, wasu ɗaliban makarantar École Centrale Paris sun fara aikin tura bidiyo tsakanin kwamfutocin makarantarsu. A ranar 1 ga Fabrairu 2001 aka saki aikin ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa izinin karanta rubutun, ya gyara, ya raba. Daga nan VLC ta fito, mai tambarin mazugin nan ruwan lemo na kan titi. Akasarinmu ba don buɗaɗɗiya ce muka so ta ba. Mun so ta ne saboda kusan kowane bidiyo muka ba ta tana kunnawa, babu talla, babu rajista. Wannan sauƙi shi ne abin da yawancin buɗaɗɗun manhajoji suka daɗe suna rasawa. Abin dariya, da masu bincike suka tona cikin XCP, sai suka tarar da guntayen rubutun VLC da na LAME, an ɗauka ba tare da bin sharuɗɗan lasisinsu ba. Mai gadi ne aka kama da kayan sata.

Sai dai buɗewa ba laya ba ce. A 2019 Tarayyar Turai ta sa ladan kuɗi ga duk wanda ya gano ɓaraka a VLC, sigar 3.0.7 ta fito da gyaran matsalolin tsaro 33. Kurakuran suna nan tun da daɗewa, sai da aka biya masu dubawa suka fito fili. Kafin nan, a 2017, takardun da WikiLeaks ta fallasa sun nuna hukumar CIA ta yi amfani da wata tsohuwar VLC da aka yi wa cushe, tana kunna bidiyo a fili tana kwasar bayanai a ɓoye.

Wannan na ƙarshe ya fi shafarmu. Da yawanmu ba daga shafin masu ita ko Play Store muke sauke manhaja ba. Aboki ne ke turo mana ta Xender, ko mai tura finafinai a kasuwa ya saka mana. Rubutun VLC a buɗe yake, amma kwafin da ya bi ta hannu goma ba mu san abin da aka ƙara masa ba. Idan manhajar kallon bidiyo ta nemi izinin shiga lambobin wayarmu da saƙonninmu, mu tsaya mu tambayi inda muka samo ta kafin mu danna amincewa.