Mokolo da Ma'aunin Ci Gaban Al'umma: Waiwaye a Tarihi

1.0 Gabatarwa

Kafin 1990, kuɗin shiga ne babban mudun auna ci gaban ƙasa. A shekarar ne hukumar UNDP ta fito da sabon ma'auni, bisa tunanin Mahbub ul Haq da Amartya Sen, wanda ya haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga. A 2010 aka ƙara ma'aunin rashin daidaito, da na giɓin maza da mata, da na talauci mai fuskoki da yawa. Tarihin Mokolo, hedikwatar Mayo-Tsanaga a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, yana nuna dalilin wannan ƙari.

2.0 Tushen Giɓin

Mafa, mafi yawan mutanen yankin, sun daɗe suna noma a kan duwatsun Mandara, inda suke jera duwatsu hawa-hawa don tare ƙasa da ruwa. Dutsen ne mafakarsu daga masu farautar bayi, irin su Hamman Yaji na Madagali, wanda ya bar rubutaccen bayanin hare-harensa daga 1912 zuwa 1927. A zamanin Turawa kuwa, makarantun mishan sun yi yawa a kudu, Arewa ta samu kaɗan. Jami'ar Yawunde ta buɗe a 1962, amma sai 2008 aka kafa ta Marwa.

Abin da aka fi kulawa da shi a Arewa shi ne auduga, wadda kamfanin SODECOTON mai hedikwata a Garwa yake saye tun 1974. Ana lissafa kuɗinta cikin arzikin ƙasa. Amma dawar da macen Mafa ta nome don ci, da ruwa da itacen da take ɗaukowa, da wuya su fito a lissafin, balle karatun da 'yarta ta rasa.

Binciken gwamnati na 2014 ya nuna kashi 37.5 cikin ɗari na 'yan Kamaru matalauta ne. A Arewa Mai Nisa kashi 74.3 ne, a Duwala kuwa kashi 4.2. Ga kuma nauyin sansanin Minawao, da aka buɗe kusa da Mokolo a 2013 don 'yan Nijeriya masu gudun Boko Haram.

3.0 Kammalawa

Adadi guda na ƙasa baki ɗaya yana ɓoye Mokolo a bayan Duwala. Sai an rarraba shi yanki-yanki, maza daban mata daban, kafin a san inda ya kamata a fara gina makaranta da asibiti.